Motar rimot ta 1984 tana gyaruwa har yau, wayarka ta bara fa?

A shekarar 1984 kamfanin Tamiya na ƙasar Japan ya fitar da wata 'yar motar tsere mai aiki da rimot, ya sa mata suna Hornet. Ba a haɗe ake sayar da ita ba. Wanda ya saya zai buɗe kwali ya tarar da guntayen roba, da ƙullin kusoshi a leda, da tayoyi huɗu, da injin lantarki, da littafi mai zane da ke nuna inda kowane abu zai shiga. Shi da kansa zai zauna ya harhaɗa.

Yau sama da shekara 40 ke nan, kuma akwai mutane a Japan da Ingila da Jamus da Amurka da suka mayar da farfaɗo da irin waɗannan motoci abin sha'awarsu. Sukan sayi wadda ta shekara da shekaru a ɗakin ajiya, su warware ta gaba ɗaya, su wanke, su canza abin da ya karye, su mayar da ita kan turɓaya tana gudu. Ra'ayina shi ne waɗannan mutane sun riƙe wani abu da mu masu wayar hannu muka saki, wato 'yancin buɗe na'urar da ka saya da kuɗinka ka fahimci cikinta. Ina kuma ganin da wannan ma'auni ya kamata mu riƙa auna duk wata na'ura da za mu saya.

Yadda abin ya faro

Tamiya, wanda hedikwatarsa ke birnin Shizuoka, ya fara sayar da motar rimot a 1976 da samfurin Porsche 934. A 1979 ya kawo Rough Rider da Sand Scorcher, masu iya gudu a kan yashi da gargada. Daga nan kasuwa ta buɗe: Frog a 1983, Grasshopper da Hornet a 1984, Hotshot a 1985. Wani kamfanin Japan ɗin, Kyosho, ya fitar da Scorpion a 1982, sannan Optima a 1985, wadda sarƙa ce ke kai ƙarfin injinta zuwa tayoyi huɗu. A Amurka kuma Team Associated ya fitar da RC10 a 1984, mai gindin alminiyam launin zinare, kuma da ita Jay Halsey ya lashe gasar duniya ta farko ta irin waɗannan motoci a 1985 a jihar Kalifoniya.

Yawancinsu girmansu kashi ɗaya cikin goma ne na motar gaske. Amma abin da ke cikinsu na gaske ne: giya, da shokozoba, da sitiyari, da na'urar da ke barin taya ɗaya ta fi ɗaya saurin juyawa idan an sha kwana. Yaron da ya haɗa Hornet da hannunsa ya san aikin kowannensu tun kafin ya isa tuƙi.

Abin da mai gyara yake gani

Ɗauki tsohuwar Grasshopper a matsayin misali. Ta zo da ƙaramin injin Mabuchi RS-380, ita kuwa Hornet da RS-540 wanda ya fi shi ƙarfi. Batirinsu na nikel da kadmiyam ne, guda shida a jere, jimilla bolt 7.2. Na'urar sarrafa gudu kuwa wani ɗan hannu ne da ke zamewa a kan farantin ƙarfe, kuma wutar da ba a buƙata ana ƙona ta ne a wani farin dutse da ke yin zafin da zai iya ƙona yatsa. Rimot ɗin yana aiki a kan zangon rediyo na megahaz 27, kuma idan mutum biyu suka yi amfani da tasha ɗaya a fili ɗaya, rimot ɗin wannan zai riƙa juya motar wancan.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke ɓoye. Idan mota ta ƙi tashi, za ka bi hanyar wutar da ido, daga batir zuwa na'urar gudu zuwa inji. Idan tana ƙara, ka kwance akwatin giya ka ga haƙorin da ya cinye. Idan tana jan gefe, ka duba sandar sitiyari. Ni da na koyi rubuta manhaja da kaina, ba a aji ba, na san wannan tsari sarai, domin shi muke bi idan manhaja ta ƙi aiki: ka raba matsalar gida-gida, ka gwada abu ɗaya a lokaci ɗaya, ka kawar da abin da ka tabbatar lafiyarsa lau, har ka isa ga mai laifin. Bambancin kawai shi ne a mota kana taɓa matsalar da hannunka.

Akwai ma ilimin da ke wucewa kai tsaye daga wannan wasa zuwa aikin zamani. Ɗan injin da ke juya sitiyarin motar, wanda ake kira sarbo, yana karɓar umarni ne ta hanyar bugun lantarki kusan sau 50 a sakan ɗaya. Idan tsawon bugun ya kai kashi 1.5 cikin dubu na sakan, taya tana tsakiya. Idan ya ragu zuwa 1 ta juya gefe ɗaya, idan ya ƙaru zuwa 2 ta juya ɗaya gefen. Wannan yare na shekarun baya shi ne har yau ake amfani da shi wajen sarrafa sarbo da allon Arduino, kuma da shi aka fara ƙera ƙananan jirage marasa matuƙi. Wanda ya fahimce shi a jikin motar 1984 ya riga ya taka matakin farko na haɗa mutum-mutumi.

Me ya sa har yanzu suke gyaruwa?

Dalili na farko, da kusoshi aka haɗa su, kuma duk abin da aka ɗaure da kusa ana iya kwance shi a sake ɗaurewa. Na biyu, littafin kowace mota yana ɗauke da zanen kowane ɓangare da lambarsa, har da girman kusoshi. Na uku, kamfanonin da kansu sun dawo da tsofaffin samfura kasuwa: Tamiya ya sake buga Hornet a 2004 da Grasshopper a 2005, Team Associated ya dawo da RC10 a 2013, Kyosho ya dawo da Scorpion a 2014 da Optima a 2016. Da yawa daga kayan sababbin bugun suna shiga jikin tsofaffin. Abin da ba a samu ba kuma, masu sha'awa sukan zana shi a kwamfuta su fitar da shi da firintar 3D, su raba zanen a intanet.

Yanzu dubi wayar da kake karanta wannan rubutu da ita. Wataƙila an liƙe bayanta da gam, an liƙe batirin da gam. Tun wajen 2011 kamfanin Apple ya fara sa wa iPhone wasu kusoshi masu kai kamar fure, waɗanda sukundireban gida ba ya kwancewa. Littafin da ke cikin kwalin wayarka ba ya nuna maka cikinta. Kuma ko jikinta lafiya lau yake, ranar da kamfani ya daina turo mata sabuntawa, manhajojin banki da na saƙo za su fara juya mata baya ɗaya bayan ɗaya.

Wani zai ce kwatancen bai yi adalci ba, domin waya tana ɗauke da biliyoyin ƙananan sassa a cikin ƙwaya ɗaya, kuma gam ɗin yana taimakawa wajen hana ruwa shiga. Gaskiya ne, ba wanda zai gyara ƙwaƙwalwar waya a kan tabarma. Amma abin da ya fi mutuwa a waya ba ƙwaƙwalwa ba ne. Batir ne, da gilashi, da bakin caji, kuma duka ukun ana iya ƙera su yadda za a canza cikin sauƙi. Kamfanin Fairphone na ƙasar Holan yana sayar da waya wadda mai ita zai canza batirinta da gilashinta da kansa. Tarayyar Turai ma ta sa doka, wadda ta fara aiki ranar 20 ga Yunin 2025, cewa dole kamfani ya ci gaba da samar da kayan gyaran waya har shekara bakwai bayan ya daina sayar da samfurin, da sabunta manhajarta na aƙalla shekara biyar. Ashe abu ne mai yiwuwa, zaɓi ne kawai kamfanoni suka yi.

A ajiye ko a tuƙa?

Su kansu masu wannan sha'awa kansu a rabe yake. Akwai masu neman mota wadda ba a taɓa buɗe kwalinta ba, su biya kuɗi mai yawa, su jera ta a kanta, ba mai taɓawa. Akwai kuma masu gyarawa su fita da ita fili. Ina tare da rukuni na biyu. Na yarda a adana 'yan kaɗan domin tarihi, amma motar da ba a taɓa haɗawa ba ba ta koya wa kowa komai ba. Darajarta ta koma ta kuɗi kawai, kamar fili da aka saya ana jiran ya yi tsada.

Ina kuma ganin babu laifi a sa wa tsohuwar mota kayan lantarki na zamani. A cire tsohuwar na'urar gudu mai zafi a sa ta lantarki, a canza rimot zuwa na gigahaz 2.4 wanda ba ya karo da na maƙwabci, a maye zoben roba da ke cikin tayoyi da boris na ƙarfe. Tsofaffin kayan a zuba su a leda a ajiye, duk ranar da aka so a mayar. Iyaka ɗaya ce: robar da ta shekara 40 ta bushe, tana saurin tsagewa. Wanda ya ɗora mata injin zamani mai tsananin ƙarfi zai tarar da haƙoran giyarta a zube. Haka batirin litiyam na LiPo, yana da ƙarfi da sauƙin nauyi, amma yana buƙatar cajarsa ta musamman, ba a barinsa ya sauka ƙasa da kusan bolt 3 a kowane ɗaki, kuma idan ya huje ko ya kumbura yana iya kamawa da wuta. A zafi irin namu, barinsa a cikin mota da rana ganganci ne.

Masu son gudu za su ce me za a yi da tsohuwa, alhali akwai irin su Traxxas XO-1 da kamfaninta ya ce tana wuce kilomita 160 a awa? Wanda gudu kawai yake so ya sayi sabuwa, ba musu. Mai son ya san dalilin gudun kuwa, da tsohuwar zuma ake magani.

Mu kuma fa?

Gaskiya wannan sha'awa ta su Japan da Turai da Amurka ce, kuma da dala ake yin ta. Ba zan ce wa matashin da ke lissafin kuɗin data ya yi odar RC10 ta 1984 ba. Amma ɗabi'ar da ke ƙarƙashinta ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Wa ya girma a Arewa bai ga yara suna ƙera motar kara ko ta langa-langa ba, da tayar silifas da dogon sitiyarin waya? Wa bai ga yadda masu gyaran waya a kasuwar Farm Centre ta Kano suke ta da wayar da mai ita ya fitar da rai ba? Hannun yana nan, abin da ke raguwa shi ne na'urar da za ta bari a koya a jikinta.

Kuma ba sai da Tamiya ake farawa ba. Motocin rimot na yara da suka mutu suna nan a gidaje da wurin masu gwanjo. Ba su kai waɗancan inganci ba, amma akwai inji a ciki, da giya, da allon lantarki. Sau da yawa matsalar ba ta wuce tsatsa a mazaunin batir ko wayar wuta da ta tsinke ba. Sukundireba, da mitar gwada wuta, da ƙarfen narka dalma sun isa. Ka ɗauki hoton kowane mataki da wayarka kafin ka kwance, ka jera kusoshi bisa tsarin da ka ciro su. Idan ta tashi ka ƙaru, idan ba ta tashi ba ka samu inji da tayoyin da za ka haɗa da Arduino ka gina taka.

Sannan ranar da za ka sayi waya ta gaba, bayan ka tambayi girman kyamara da ma'adana, ka ƙara tambaya uku: nawa ne canjin batirinta, ana samun gilashinta a kasuwa, kuma shekara nawa kamfanin ya yi alkawarin sabunta ta? Idan mai shago bai sani ba, ka tsallaka wurin mai gyara ka tambaye shi kafin ka biya, domin shi ne ya san wadda ke buɗuwa da wadda ke fashewa a hannu. Kamfanoni suna ƙera abin da masu saye ke tambaya ne, kuma har yanzu yawancinmu kyamara kawai muke tambaya.