Laimar kwaɗi ta ƙasashen sanyi: kama da wane ba wane ba ne

A wannan mako za mu yi dogon zango, mu leƙa dazuzzukan arewacin Turai, irin na Suwed da Finlanda da Rasha, inda daga watan agusta zuwa oktoba mutane ke ɗaukar kwando su shiga daji neman abin da mu a nan bai ishe mu kallo ba, wato laimar kwaɗi, wadda wasu ke kira naman kaza, Faransawa kuwa su ce shampinyon. A wajenmu takan tsiro da damina a gindin suri ko bisa juji, yara su shure ta su wuce. A wajensu cefane ce, har da kilo ake sayar da ita a kasuwa. Sai dai a daji guda, wani lokaci a gindin itace guda, mai daɗin miya da mai kai mutum kushewa suna tsaye dab da juna, kuma ba abin da ke raba su sai sanin sunan kowace.

Wanda ya aza harsashin wannan sani shi ne Elias Fries, mutumin Suwed da aka haifa a 1794, wanda ya fara fitar da babban littafinsa a 1821. Dabararsa ba ta bukatar kayan aiki masu tsada. A cire hular laimar, a kife ta bisa takarda, a rufe da kwano, ta kwana. Da safe za a tarar da wata ƙura mai laushi ta zubo, wadda ita ce irinta. Launin wannan ƙura, ko fari, ko ja-ja, ko ruwan ƙasa, ko baƙi, shi ne ya raba dangi da dangi da shi. Bayan haka sai a dubi ƙarƙashin hular: wata tana da ganye-ganye jere kamar shafukan littafi, wata ƴan ramuka kamar soso, wata kuwa ƙayoyi masu taushi. Sai a dubi ƙafar, ko tana da zobe, ko gindinta na cikin wata ƴar jaka a binne cikin ƙasa. Shi ya sa gwanaye ba sa yanke wadda ba su sani ba, tono ta suke yi dungum. Har itacen da take gindinsa shaida ne, don da yawa daga cikinsu saiwar wasu itatuwa suke bi, kamar sapan ko bulo mai farin ɓawo, suna ba itacen ruwa shi kuma yana ciyar da su.

Wannan ƴar jaka ita ce tambarin dangin Amanita, masu aika-aika. Guda daga cikinsu, Amanita phalloides mai hula kore-kore, ita ke da alhakin kusan kashi 90 cikin ɗari na masu mutuwa ta wannan hanya. Ƴar'uwarta Amanita virosa fara ce fat, kyakkyawa, kuma tana da yawa a dazuzzukan arewa. Tafasa ba ta kashe dafinsu. Mutum zai ci, ya yi awa 6 zuwa 24 lafiya lau, sannan amai da zawo su taso. Su lafa, ya zaci ya warke, alhali hantarsa ce ke ruɓewa. Su ma Turawa suna da camfinsu, wai cokalin azurfa yakan yi baƙi in an dafa shi da mai dafi, ko wai abin da dodon koɗi ya ci mutum ma na iya ci. Duka ƙarya ce da ta cika maƙabartu.

Abin da ya fi ɗaure kai shi ne, su kansu littattafan malaman suna sake magana. A 1944 wani masanin wannan fanni na Jamus, Julius Schäffer, ya mutu bayan ya ci Paxillus involutus, wadda a lokacin ake lissafawa cikin abin ci. A 1952 mutum 102 suka kwanta a Polonya, 11 suka rasu, kuma sai da likita Grzymala ya yi ta bin sawu kafin ya gano wata Cortinarius ce, wadda dafinta kan yi kwanaki, har fiye da mako biyu, kafin ya tsayar da ƙoda. Wa zai tuna da miyar da ya sha shekaranjiya, balle ta makon jiya? A 2005 kuma Faransa ta hana sayar da Tricholoma equestre, bayan an daɗe ana yabon daɗinta.

Yau binciken ƙwayoyin gado ya ƙara dagula lissafin Fries, don yakan nuna abin da ido ya ɗauka iri ɗaya ne ashe uku ne ko huɗu. A 2014 masu bincike na lambun Kew, a Ingila, suka gwada ƙullin busasshiyar laima da aka sayo a kanti, suka tarar da iri uku da kimiyya ba ta taɓa raɗa wa suna ba. Kusan iri 150.000 aka sa wa suna a cikin wannan babban dangi, alhali ana ƙiyasin sun haura miliyan 2.

Mai karatu na iya cewa ina ruwan biri da gada. To, a satumbar 2015 fiye da mutum 30, yawancinsu ƴan gudun hijirar Siriya, suka kwanta a arewacin Jamus, har aka samu rasuwa, domin sun tsinci Amanita sun ɗauka irin ta gida ce. Sai da asibitin jami'ar Hanoba ya buga takardun gargaɗi da Larabci da wasu harsuna. Muna da ɗalibai da ƴan ci-rani a waɗannan ƙasashe, aljihu ba nauyi, daji kuwa kyauta. Duk mai ɗa ko ƙane a can ya gaya masa kada ya dogara da hoton salula ko da abin da ya sani a gida. A Faransa an saba kai kwandon ga mai farmasi ya duba, da gindin kowace laima a jikinta. In kuwa an riga an ci kuma ciki ya murɗa, a nufi likita a daren, a tafi da sauran miyar.