Gayya Ba Ta Ɗorewa Sai Da Yarda

Zuwa ga Edita,

Ka ba ni fili a jaridarmu mai farin jini in yi wa 'yan'uwana manoma da 'yan kasuwa tuni.

A daminar 2024 mu goma sha biyu muka haɗa gayyar noman gero a bayan Ƙofar Guga. Ran nan ɗayanmu ya makara, ɗansa ba lafiya. Maimakon a ce masa sannu, sai shugabanmu ya ci masa mutunci a gaban yara. Bai sake zuwa ba. Daga nan kowa ya shiga zargin ɗan'uwansa zai zame da zarar an nome masa tasa. Kafin maimai mun watse, kowa ya koma biyan 'yan ƙwadago, ga tsadar da ta biyo bayan cire tallafin mai a 2023.

Jama'a, in zuciya ta ɓaci, fartanya nauyi take yi. Bayan gobarar babbar kasuwar Katsina a 2021, na ga wanda aka ba kaya bashi ba ko takarda, don an yarda da shi, ya kuwa farfaɗo.

Shugabanni, ku ji uzuri kafin faɗa. Mu kuma mu cika alkawari. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Naka,
Wani manomi,
Ƙofar Guga, Katsina.