Kada Sunayensu Su Ɓace

'Yan'uwa, kowace shekara jama'armu sukan tafi ziyarar ibada Ƙasa Mai Tsarki, su dawo da labarin Baitalami, Kogin Urdun da Tekun Galili. Muna roƙon duk wanda Allah ya nufa da wannan tafiya ya ƙara wuri ɗaya: Yad Vashem, gidan tarihin da ke Urushalima.

An kafa shi a 1953 domin tunawa da Yahudawa miliyan 6 da gwamnatin Hitila ta Jamus da mataimakanta suka hallaka a zamanin Yaƙin Duniya na Biyu. Kusan miliyan 1 da rabi daga cikinsu yara ne. Wannan gwamnati ta kuma kashe naƙasassu da 'yan ƙabilar Roma. Abin baƙin ciki, an yi wannan ta'asa ne a ƙasashen da ke cike da majami'u, mutane da yawa kuwa suka yi shiru.

Babban aikin gidan shi ne tara sunaye, ya zuwa yanzu sun wuce miliyan 4 da rabi. A wani ɗaki mai duhu, inda madubai ke ninka hasken kyandir, murya tana kiran sunan yaro, da shekarunsa, da ƙasarsa.

To, mu fa? A watan Yuni 2021, 'yan bindiga sun kashe mutum 53 a ƙauyukan ƙaramar hukumar Zurmi, yawancinsu manoma. Daga Birnin Tsaba zuwa Shinkafi da Ƙaura Namoda, iyalai da yawa suna da nasu makokin. Jaridu sun ba da adadi, amma wa ya rubuta sunayen?

Wani zai ce tonon tsohon ciwo yana ta da fitina. Mu kuwa muna ganin mantuwa ta fi haɗari, gama wanda aka manta da shi, an manta da gwauruwarsa da marayunsa. Littafin sunaye yakan nuna mana ƙofar da za mu kai hatsi da kuɗin makaranta.

Ikkilisiyoyinmu sun saba riƙe littafin baftisma da na aure. Bari fastoci, dattawa da zumuntar mata su haɗa kai da limamai da masu unguwanni, a rubuta kowane mamaci, Musulmi ko Kirista: sunansa, garinsa, ranar da aka kashe shi, da waɗanda ya bari.

Allah ya ta'azantar da masu makoki, ya ba ƙasarmu salama. Amin.