Sharhi: Harshe Ma Yana Da Hannu A Matsalar Ƙiba

An daɗe ana ɗora wa masu ƙiba laifin haɗama, amma binciken masana ya nuna cewa lamarin ya wuce nan. A shekarar 2005 masu bincike a birnin Dijon na ƙasar Faransa suka gano cewa wani sinadari mai suna CD36 da ke kan harshen ɓeraye shi ne ke sa su jin ɗanɗanon maiƙo. A 2010 kuma masana a Jami'ar Deakin ta ƙasar Ostireliya suka tarar cewa mutanen da harshensu ke saurin gane maiƙo ba sa cinsa da yawa, kuma ba su kai saura nauyi ba.

Sai dai wannan ba hujja ba ce ta naɗe hannu. Wani bincike da ya biyo baya a jami'ar ya nuna cewa rage maiƙo na tsawon makonni 4 yana ƙara wa harshe kaifin gane shi. Ashe harshe ma yana ɗaukar horo.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutane fiye da biliyan 1 ne suke fama da ƙiba a 2022. Don haka gori ba magani ba ne. Abin da ya dace shi ne a riƙa rage mai a tukunya sannu a hankali.