Yaron da ya ba mu dariya, wa ya ci kuɗinsa?

Akwai wata ɗabi'a da muke da ita mu ɗalibai, musamman idan an gama jarrabawa an rasa abin yi. Sai wani ya ɗauko hoton yarinyar da ta yi tashe a fim shekarun baya, ya haɗa da hotonta na yanzu, ya jefa a guruf ya rubuta "kun gane ta?" Shi ke nan sharhi ya ɓarke. Wannan ya ce ta yi ƙiba, wancan ya ce ai bilicin ne, wani ya ce tauraruwarta ta dushe. Da wuya ka ga wanda zai tambaya: lokacin da yarinyar nan take aiki, nawa aka biya, kuma hannun wa kuɗin ya shiga?

Aiki na ce fa, ba wasa ba. Yaro ya wuni a wurin ɗaukar fim, ana maimaita fitowa ɗaya har sau goma, a sa shi kuka, a sa shi dariya, sa'o'insa kuma suna makaranta ko suna tamaula. Babban da ke tsaye kusa da shi ya yi ciniki kafin ya zo. Shi yaron sai dai abin da aka ce an ba shi.

Ku dubi Ummi Rahab. Tana 'yar ƙarama ta fito tare da Adam A. Zango a fim ɗin nan da kowa ke kira Takwara Ummi, duk Arewa aka santa. Ta yi shekaru ba a ganinta, sai ta dawo a Farin Wata Sha Kallo ta zama budurwa. Da saɓani ya shiga tsakaninta da Zango a 2021, me muka yi? Muka raba kanmu gida biyu, muna yanke hukunci a kan tarbiyyarta kamar mu muka raine ta. Ta fito a Wuff, ta auri Lilin Baba a 2022, muka koma tafi. Ni ba shari'ar waye mai gaskiya a rigimar nan nake yi ba, ba huruminmu ba ne. Abin da ya dame ni shi ne yadda muke jin kamar muna bin ta bashi don kawai mun santa tana yarinya. Ita kuwa ba ta zaɓi mu santa ba, an zaɓar mata ne.

To sai ku dubi Maryam Booth. Ita ma tun tana wajen shekara takwas ta fara. Amma mahaifiyarta, marigayiya Hajiya Zainab Booth, Allah ya jiƙanta, 'yar cikin harkar ce, ta san lungu da saƙonta. Maryam ta girma a sana'ar har ta kai ga The Milkmaid, fim ɗin da aka ɗauka nan maƙwabtanmu Taraba, wanda Najeriya ta tura gasar Oscar, kuma ta ci kyautar AMAA da shi a 2020. Haka Ahmad ɗan Ali Nuhu: ya yi fim yana yaro, da ya tasa ya karkata ga ƙwallo, ba wanda ya hana shi, don ba da fitowarsa ake cefane a gidan ba. Ba baiwa kaɗai ta tsallakar da su ba. Suna da babba a gefe wanda ba za a iya yi wa wayo ba. Ɗan talakan da aka tsinto a unguwa don yana da surutu fa, wa ke tsaya masa?

Kada mu ɗauka matsalar tamu ce kaɗai. A Amurka an yi wani yaro, Gary Coleman, tauraron shirin barkwancin nan Diff'rent Strokes da aka yi daga 1978 zuwa 1986. Ciwon ƙoda ya hana shi tsawo, aka yi ta cin kasuwa da ƙanƙantarsa. Da ya girma ya nemi dukiyarsa, sai da ya kai iyayensa da tsohon mai ba shi shawara kotu. A 1993 aka yanke a biya shi kusan dala miliyan 1.3, amma zuwa 1999 ya bayyana cewa ya tsiyace, har gadi ya yi. Ya rasu a 2010 yana da shekara 42. Masu shirya fim ba su ba shi wani aikin kirki ba bayan ya girma, domin yaron suke so, ba mutumin ba.

Abin mamakin shi ne a lokacin akwai doka. Tun 1939 jihar Kalifoniya ta yi dokar kare kuɗin yara 'yan fim, bayan Jackie Coogan, wanda ya fito da Charlie Chaplin a 1921, ya tarar mahaifiyarsa da mijinta sun cinye abin da ya tara. Dokar tana da ramuka, sai a shekarar 2000 aka gyara ta: kashi 15 cikin ɗari na abin da yaro ya samu dole a kulle a asusu da sunansa har ya kai shekara 18. Kaɗan ne, na yarda. Amma ya fi "Allah ya yi maka albarka" da ledar biskit.

Hukumar tace fina-finai ta Kano tana da ƙarfin dakatar da jarumi kan sutura ko rawa. MOPPAN ma tana kora idan ta ga dama. Wanda ya iya wannan zai iya cewa ba za a saki fim mai yaro a ciki ba sai an nuna takardar amincewar iyaye, da adadin awannin da ya yi, da shaidar inda aka ajiye rabonsa.

Yanzu bari in dawo gida, don mu ma muna ciki tsundum. Mu nawa ne a nan Mubi, 'yan jami'a da 'yan Poli, muke da shafin barkwanci a TikTok? Kuma su wa muke sakawa? Yarinyar da ke tallar awara a bakin get, almajirin da ke mana wanke-wanke, ƙanin mai gidan hayarmu a Lokuwa. A sa shi ya kwaikwayi tsoho, ko ya faɗi maganar da ta fi bakinsa, ko a tsorata shi a ɗauki kukansa. Bidiyo ya tashi, mabiya su ƙaru, masu turare da atamfa su fara kawo talla. Shi kuma an sallame shi da naira ɗari biyu. Garin nan ya ga abin da ya gani a 2014, wasu yaran ba su da uban da zai zo ya ce a cire. Wannan ya sa suka fi sauƙin samu, kuma mun sani.

Wani zai ce ai taimako ne, wa ya sani ko ta nan arzikinsa zai zo. To madalla, a yi shi kamar taimako. Ka je wurin mahaifiyarsa ko malaminsa ka nuna musu bidiyon kafin ka ɗora, ba bayan ya zagaya ba. Idan talla ta shigo, ka ware rabonsa ka biya kuɗin makaranta ko ka kai hannun wanda ke riƙe da shi, a gaban shaida. Faransa ta yi doka a 2020 da ta ba yaro damar neman a goge bidiyonsa ko da iyayensa ba su sa baki ba. Kai ba ka buƙatar majalisa: ranar da ya ce maka abokansa na tsokanarsa a islamiyya, ka sauke shi, ko da ya kai kallo miliyan ɗaya.