Idan But Ɗin Mota Ya Ƙi Buɗewa

 Yau maganar but ɗin mota za mu yi, domin ta shafi lafiyar yaranmu fiye da yadda muke zato.

A nan Ɗambatta mota ba ta rabuwa da dako: buhun gero, kayan miya, kayan biki in za a shiga Kano ko Kazaure. Sai an iso ƙofar gida but ya ƙeƙashe. Kafin a ɗauko ƙarfe a ɓalle shi, a gwada waɗannan:

1. Mutum ɗaya ya danna murfin ƙasa da ƙarfi, wani ya murɗa makulli. Sau da yawa buhu ne ya tokare sakatar daga ciki.

2. In rimot aka danna ba a ji motsi ba, to batirinsa ne, ko batirin mota, ko fis ya ƙone. A gwada makulli da hannu.

3. In makullin ya ƙi juyawa, galibi ƙurar hunturu ce ta cushe ramin. A fesa WD-40 a ɗan jira. Ban da man gyaɗa, ƙura yake tarawa, kuma kada a tilasta makullin ya karye a ciki.

4. Wasu motoci, irin su Honda Accord, suna da ramin makulli kusa da abin jan but a gefen kujerar direba. In an kulle shi, ja ba ya aiki.

5. In kujerar baya tana kwantawa daga ciki, a kwantar a miƙa hannu ga sakatar. In wayar ce ta tsinke, sai bakanike.

Kaya suna iya jira har gobe, amma yaro ba zai iya ba. Yara kan shige mota ko but suna wasan ɓuya, murfi ya rufe a kansu. A zafin Afrilu, lokacin da ake haura digiri 40 a Kano, zafin cikin rufaffiyar mota kan ƙaru da kusan digiri 10 cikin minti 10, kuma jikin yaro ya fi na babba saurin ɗaukar zafi sau 3 zuwa 5.

Saboda haka ne Amurka ta wajabta, tun Satumban 2001, a sa wa sabbin motoci masu but wani ɗan hannu mai haske a duhu da ake ja daga ciki. Ba kowace mota ke da shi ba. Ki sa maigida ya buɗe ku duba tare, a nuna wa yaran da suka yi wayo.

In yaro ya ɓace, a fara leƙa mota da but kafin a zaga maƙwabta. In yana ciki ƙofa ta ƙi, a fasa gilashin da ya fi nisa da shi. A kai shi inuwa, a cire masa kaya, a jiƙa jikinsa da ruwa mai sanyi ana yi masa fifita. Kada a ɗura masa ruwa in ba ya cikin hayyacinsa. A garzaya asibiti ko da ya farfaɗo.

Motar da ke ajiye a gida ta zauna a kulle, har wadda ta lalace aka jingine, makulli kuma ya yi nisa da hannun yara. Allah Ya raya mana su, amin.