Kalmar Bangaskiya a Tambarin Nijeriya ta Kowa Ce

Tambarin ƙasarmu yana jikin takardar kuɗi da fasfo da bangon kotu, amma kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa tsayawa su karanta abin da ke rubuce a ƙarƙashinsa.

A watan Mayu na 1960 ne Sarauniyar Ingila ta amince da wannan tambari. Kafin nan alamar Nijeriya tauraro ne mai tsini shida, wanda dattawanmu suke tunawa a jikin kwabo mai huji. Baƙar garkuwa tana nufin albarkar ƙasar noma, fararen dawaki biyu martaba, jar mikiya kuwa ƙarfi. Farin zanen da ya ratsa garkuwar shi ne Kogin Kwara da na Binuwai, inda suka haɗu a Lokoja. A garin ne Lugga ya ɗaga tutar Ingila ranar 1 ga Janairu, 1900. Mu masu bi muna da namu tarihi a kogunan nan. Ta Kwara Bishop Ajayi Crowther ya yi ta kai da kawowa da bishara, masu wa'azin SIM suka zauna a Patigi a 1902, na SUM kuma suka bi Binuwai har suka kai Wase a 1904. Duk wanda ya ce mu baƙi ne a Arewa, to, ya sake duba garkuwar nan.

Amma rubutun ƙasa ne ya fi damunmu. A 1960 kalmomi biyu ne kawai: Haɗin Kai da Bangaskiya. A 1978, bayan ƙasa ta ɗanɗana yaƙin basasa, aka ƙara Salama da Ci Gaba. Sashe na 15 na tsarin mulkin 1999 ya tabbatar da su huɗun.

Wace bangaskiya ake nufi? A Turance kalma ɗaya ce. Idan aka juya ta zuwa Hausa, maƙwabcinmu Musulmi zai ce imani, mu kuma mu ce bangaskiya, kowa da gaskiyarsa. Waɗanda suka tsara tambarin ba su sa gicciye ba, ba su sa jinjirin wata ba. A ganinmu hikima ce, domin sashe na 10 na tsarin mulki ya hana gwamnatin tarayya ko ta jiha ɗaukar wani addini ya zama na hukuma. Ko Jihar Arewa ta zamanin Sardauna, kirarinta Aiki da Ibada ne, ba ta ambaci ibadar wane ba.

Kalmar tana da wata ma'ana kuma da aka cika mantawa, wato riƙon amana. Hatimi alkawari ne. Idan ma'aikaci ya buga shi a takarda, cewa yake yi ƙasa duka ta tsaya a bayan wannan magana. Saboda haka abin baƙin ciki ne a ce a waɗansu garuruwan Arewa ikilisiya ta yi shekaru tana neman takardar mallakar fili don gina majami'a, ana ce mata a dawo gobe. Haka yaron da aka haifa a gari, ubansa ma a nan aka haife shi, a hana shi takardar shaidar ɗan ƙasa saboda sunansa Bulus. Inda mu ne masu rinjaye, in aka yi wa Musa irin wannan, laifin ɗaya ne, kuma wajibi ne fastocinmu su faɗa daga kan bagade ba tare da kwana-kwana ba.

A Matiyu sura 22, da aka zo gwada Yesu a kan haraji, sai ya sa aka kawo masa kuɗin, ya tambayi hoton wa ke jiki. Mun koyi biyan abin da ke na hukuma daga nan, muna kuwa biya. Don haka muna da bakin tambayar hukuma nata alkawarin.

Muna roƙon dattawan ikilisiya su riƙa ajiye kwafin kowace takardar neman fili da ranar da aka miƙa ta, su bi sawu a rubuce, su kai wa 'yan majalisarsu. Masu bi da ke riƙe da hatimi a sakatariyar ƙaramar hukuma kuwa, su sallami Musa da Bulus a rana ɗaya.